Gyaran Gangar Auzinawa a Sashen Makullan Linux

Yaran da ke kawo mini facinsu, wato gyaran kod da suka rubuta, in duba a nan Gusau sun iya harshen manhaja na C, wasunsu ma sun fi ni saurin hannu. Amma duk wanda ya taɓa sashen makullan sirri da TPM, guntun na'urar tsaro da ke cikin kwamfuta, ke tsarewa a cikin kanel, wato zuciyar Linux, sai ya faɗa ramin da na gabansa ya faɗa. Na gaji da maimaita magana ɗaya, shi ya sa na zauna na rubuta ta.

Tun a 2011, a fitowar Linux ta 2.6.38, David Safford da Mimi Zohar na IBM suka shigar da wannan nau'in makulli mai suna trusted. Kanel ce ke ƙirƙirar makullin, bayit 32 zuwa 128, ta miƙa wa TPM ta rufe shi, abin da ke fitowa waje kuwa ƙunshi ne a rufe wanda ba mai buɗe shi sai wannan TPM ɗin. Daga baya aka ƙara wasu masu rufe makulli bayan TPM: TEE a 5.13, da CAAM na NXP a 5.19, da DCP a 6.10. Duk inda komai ya tafi daidai, wannan tsari ba ya ba kowa wahala. Ɓarnar tana can inda aiki ya katse a tsakiya, kuma nan ne babu mai son dubawa.

Ga yadda take faruwa. Kafin a buɗe ƙunshi, sai an ɗora shi cikin TPM, a karɓi lambar riƙo, a buɗe, sannan a kira tpm2_flush_context a sauke shi. Sai yaro ya ga wani kuskure a tsakiya, ya ƙara return a wurin, ya tsallake saukewar. Gurbin da TPM 2.0 ke da shi na irin waɗannan abubuwa na wucin gadi kaɗan ne ƙwarai, da yawa uku kacal gare su. Buɗewa ta gaza sau uku, gurbi ya cika, daga nan kowa ya zo sai 0x902, lambar kuskuren da ke cewa babu gurbi, har wanda bai san hawa ba bai san sauka ba. Mai kula da gurabe na /dev/tpmrm0 ba zai cece ka ba, domin kiran da kanel ke yi da kanta ba ya bi ta wurinsa.

"Malam, ai na gwada, tana aiki." To me zai hana ta aiki? Sau ɗaya ka gwada, da kalmar sirri daidai, aka ɗauke wuta da azahar, kwamfutar teburinka ta mutu ta tashi, gurabe suka koma fanko. Rashin wutarmu ne ke share maka shaida. Na'urar da za ta yi wata shida a kunne ba za ta samu wannan gata ba. Kuma kada ka ce kmemleak, mai gano ma'adanar da aka karɓa ba a mayar ba, bai nuna komai ba: shi ma'adanar kanel yake gani, ba ya leƙa cikin TPM. Ni abin da nake yi, in sa buɗewar ta gaza da gangan sau goma a jere, sannan in tambayi tpm2_getcap handles-transient ta /dev/tpm0 kai tsaye. In na ga ko lamba ɗaya ta rage, facin bai yi ba.

A wannan hanyar fitar dai ake manta tpm_put_ops bayan an yi tpm_try_get_ops, sakata ta zauna a kulle, mai zuwa na gaba ya yi ta jira har a sake kunna na'ura. A nan ake kiran kfree a kan wurin da makulli ya kwanta tsirara, maimakon kfree_sensitive mai goge wurin kafin ya sake shi. Wani ya fi wayo, ya sa memset kafin ya fita, bai san manhajar harhaɗa kod tana da ikon zubar da wannan layin ba tunda babu mai sake karanta wurin. Don haka aka yi memzero_explicit. Kuma a nan ƙidayar masu riƙe da makulli ke karkacewa. Raunin tsaro mai lamba CVE-2016-0728 da ya tayar da hankali a Janairun 2016 ba komai ba ne illa key_put guda da aka manta a join_session_keyring: a yi ta kira har ƙidayar mai bit 32 ta zagayo sifili, a saki makullin ana riƙe da shi, talakan mai amfani ya wayi gari da ikon root, wato cikakken iko a kan na'ura. Ɗabi'ata tsohuwar yayi ce, na sani. Takarda da biro nake ɗauka, in rubuta duk abin da aka karɓa a hagu, in bi kowane goto da yatsa in ga ya mayar. Bayan haka in kunna failslab ya riƙa hana ma'adana da gangan.

Rami na biyu shi ne wanda har yau in na tuna raina ke ɓaci. Wani ƙanen abokina ya ari kwamfutata domin tasa ba ta da TPM. Ya yi ta jefa kalmar sirri ba daidai ba, TPM ta yi abin da aka gina ta ta yi, ta kulle kanta da 0x921. Maimakon ya jira ko ya kira ni, sai ya shiga BIOS ya share TPM ɗin ɗungurungum. Da na dawo yana murmushi: "Yaya, ta ɗan ba ni matsala, amma na gyara." Ya gyara kuwa! Sharewa tana sauya irin da ake tsiro uban makullai daga gare shi, uban makullin da ke lamba 0x81000001 ya tafi, duk ƙunshin da aka rufe a ƙarƙashinsa ya zama tarkace. Ɓangaren faifan da dm-crypt, mai rufe bayanan faifai, ke buɗewa da wannan makulli, da aikin mutane a ciki, haka ya tafi. Fayil ɗin ƙunshin na nan lafiya lau, bayit ɗaya bai ɓace ba, amma babu mahalukin da zai sake buɗe shi.

Ku ji ni da kyau: ba a koyon wannan aiki a kan na'urar da ake cin abinci da ita. Ga swtpm, TPM ta kwaikwayo, ga QEMU, kwamfuta ta kwaikwayo, kyauta. Kulle ta, share ta, kashe ta a tsakiyar umarni, in ta lalace ka goge folda ɗaya ka sake. Sai faci ya tsira a can, da KASAN mai kama taɓa ma'adana ba bisa ƙa'ida ba a kunne, sannan a kai shi kan ƙarfe na gaske, shi ma wanda ba kowa a kansa. Ƙarfen dole ne a ƙarshe, domin na kwaikwayo ba ya jinkiri kuma ba shi da halayen da kowane kamfani ke cusa wa nasa. Wanda kuma ya ɗaure makulli da PCR 0, inda TPM ke ajiye awon BIOS, ya sabunta BIOS, ƙunshi ya ƙi buɗuwa, kada ya zo yana neman kuskure a kanel, aikinta ta yi.

Sauran ƙanana ne, amma suna kisa. Kada ka buga makulli da printk don bincike, dmesg na shiga fayil. Kwatanta HMAC, hatimin tabbatar da saƙo, da crypto_memneq ake yi, ban da memcmp. Tsawon da TPM ta faɗa a amsarta, auna shi da girman wurinka kafin memcpy, kuma ka tuna lambobinta babban bayit ne a gaba. Kada ka ba CAAM wurin da ke kan stak, tun 4.9 da aka kawo VMAP_STACK wannan ya daina zama abin dogaro ga DMA, hanyar da na'ura ke taɓa ma'adana kai tsaye. Gyara a trusted_core.c ya shafi TEE da CAAM da DCP, ko da kai TPM kawai ka sani, aƙalla ka harhaɗa su duka. Faci ɗaya, gyara ɗaya, da layin Fixes mai haruffa 12 na farkon lambar canjin da ya kawo ɓarnar, in ba haka ba masu kula da tsofaffin fitowa ba za su san inda za su mayar da shi ba.