Yadda ake kama gwara a ɗebi jininsa don binciken maleriyar tsuntsaye

A shekarar 2019 masu bincike a Landan suka fitar da sakamakon gwajin jinin gwaran gida, wanda masana ke kira Passer domesticus. Sun samu ƙwayar Plasmodium relictum, mai haddasa maleriyar tsuntsaye, a jinin kashi 74 cikin ɗari na tsuntsayen da suka gwada, a birnin da yawan gwara ya ragu da kashi 71 cikin ɗari tun daga 1995. Sauro ne ke yaɗa wannan maleriya tsakanin tsuntsaye, kuma ba ta kama mutum. Sakamakon cutar daga ɗigon jini ya fito, kuma ɗigon ba ya da amfani sai an bi ƙa'ida wajen ɗibarsa.

Fara da tabbatar da irin tsuntsun. Namijin gwaran gida yana da baƙin tabo daga maƙogwaro zuwa ƙirji da toka-toka a tsakar kai, macen kuwa ruwan ƙasa ce da layi mai haske a saman ido. Ana samunsa a kwarin Nilu, har cikin Khartoum. Wanda aka fi gani a garuruwan Arewa da Nijar shi ne mai kai ruwan toka, Passer griseus, wanda mace da namiji kamarsu ɗaya. Hanyar aikin iri ɗaya ce, amma kada a haɗa su a lissafi. Kada kuma wanda bai koya a hannun gwani ba ya taɓa raga. A Najeriya, cibiyar binciken tsuntsaye ta A.P. Leventis da ke kusa da Jos tana horar da masu wannan aiki.

Ana kafa siririyar raga mai ido milimita 16 da asuba, a inuwa, kusa da inda suke kiwo. Gwara na da wayo, in suka ga raga kwana biyu a wuri guda sai su riƙa kauce mata, don haka a riƙa sauya wuri. A duba raga duk bayan minti 20. Da rana ta yi zafi ko hadari ya taso, a naɗe ta, domin tsuntsun da ya maƙale a rana kan mutu nan da nan.

Riƙon shi ne inda sabon hannu ya fi yin ɓarna. Bayan tsuntsun ya kwanta a tafin hannu, wuyansa tsakanin manuniya da yatsan tsakiya, sauran yatsu su kewaye jiki sako-sako. Da motsin ƙashin ƙirji tsuntsu ke numfashi, matse ƙirjin kuwa shaƙe shi ne. In ya fara lumshe ido ko ya buɗe baki yana haki, a dakatar da komai, a sa shi a jakar yadi a inuwa ya huta, sannan a sake shi.

A sa masa zobe mai lamba a ƙafa, a auna shi. Nauyin babban gwaran gida yakan kama daga giram 24 zuwa 39. A hura gashin ƙirji a duba tsoka, in ƙashin ya fito kamar wuƙa to ramamme ne, kada a ɗebi jininsa. A duba ƙafafu da gefen ido ko akwai ƙuraje masu kauri irin na agana, a rubuta.

Jinin da za a ɗiba kada ya wuce kashi 1 cikin ɗari na nauyin jiki. Tsuntsu mai giram 28 iyakarsa mililita 0.28 ke nan, amma 0.05 ma ya ishi wannan bincike. A buɗe fiffike, a ɗan jiƙa gashin gwiwar da auduga mai sifirit har jijiyar ta bayyana, a jira ya bushe, in ba haka ba jinin zai malale cikin gashi maimakon ya taru. A soka da sabuwar allura mai lamba 26 ko 27, a tari ɗigon da siririn bututun gilashi, a danna busasshiyar auduga har jini ya tsaya cak kafin a saki tsuntsun. Mai son auna sinadarin firgici a jinin dole ya gama cikin minti 3 da faɗawar tsuntsun raga, domin bayan haka sinadarin ya riga ya hau.

Sai shimfiɗa jinin a gilashi. A ɗiga kaɗan a gefe ɗaya, a ja shi da bakin wani gilashin sau ɗaya tak, har ya yi siriri. Mai kauri ba ya karantuwa, domin ƙwayoyin jini kan hau juna. A bushe shi nan take da fifita. Da damina danshi na fasa ƙwayoyin, ƙudaje kuma na lashe jinin, saboda haka a rufe shi a akwati. A tsoma shi a methanol, wani nau'in sifirit, a ranar, sannan a rina shi da Giemsa kashi 10 cikin ɗari na kusan awa guda. Sauran jinin a zuba a kwalbar ethanol don gwajin PCR, wanda ke gano ƙwayar cutar ta hanyar ƙwayoyin halittarta (DNA). A rubuta lambar zobe a gilashin da fensir, tawada tana wankewa a methanol.

A madubin ɗakin gwaji, wanda ya saba da jinin mutum yakan ruɗe, don kowace jar ƙwayar jinin tsuntsu tana da duhun ɗigo a tsakiya, kuma halittarta ke nan. Plasmodium relictum yakan zauna a gefe ya ture ɗigon, Haemoproteus kuwa, wata ƙwayar cutar jinin tsuntsaye ta daban, yakan lanƙwashe ya rungume shi.

Wajen fassara sakamako a yi hattara. Tsuntsun da cutar ta kwantar ba ya tashi balle ya faɗa raga, don haka mafi yawan waɗanda ake kamawa sun riga sun tsallake tsananin ciwon, ƙwayoyin cutar sun yi ƙaranci a jininsu. Gilashi na iya nuna babu alhali PCR ya nuna akwai, shi ya sa ake yin biyun tare. A wanke jakunkuna bayan kowane fita, a wanke hannu da sabulu, domin kashin gwara na iya ɗauke da Salmonella, wadda ita tana kama mutum.