Yadda za ka sa kwamfuta ta binciki tasirin waƙa ga lafiyar ƙwaƙwalwa

Kafin ka buɗe kwamfuta, samo izinin kwamitin ɗa'ar bincike na makarantarku. Masu sa kai su amince a rubuce, kowa ka ba shi lamba a madadin suna, domin Dokar Kare Bayanai ta 2023 ta sa bayanan lafiya cikin masu buƙatar tsaro na musamman.

Sai ma'auni. PHQ-9 tambayoyi 9 ne kan ƙuncin rai, maki 0 zuwa 27; GAD-7 kuma na fargaba ne, 0 zuwa 21. Dukkansu makonni biyun da suka wuce suke tambaya, don haka maimaita su duk bayan mako biyu. Zuba su a KoboToolbox, manhajar tattara amsoshin tambayoyi, tana aiki ko babu intanet.

Tattara waƙoƙin ne mai wuya. A nan Katsina da yawa a memori suke ji, wanda masu tura waƙa suka cika musu, ko aboki ya turo ta Xender. Babu inda aka ajiye lissafi. Dole kowa ya riƙa rubuta abin da ya saurara, da lokacin, da halin da yake ciki kafin ya kunna. Wannan na ƙarshen kar ka yi wasa da shi: sau da yawa damuwa ce ke kai mutum ga waƙar baƙin ciki, ba waƙar ce ta jawo ta ba, kuma na'ura ba za ta bambance ba sai ka ba ta.

Da librosa, manhajar nazarin sauti a Python (harshen rubuta manhaja), za ka ciro saurin kiɗa da ƙarfin sauti. Amma fa ba ta jin Hausa. Kalangu na iya yin zafi alhali baitin na ta'aziyya ne. Zauna da kunnenka ka ware: bege, soyayya, siyasa, zambo.

Daga nan scikit-learn, manhajar Python ta koyar da na'ura. Horar da Random Forest, wata dabarar hasashe da ke cikinta, da kashi 80 na bayanan, gwada da 20, amma rabon ya zama na mutane: kowa ya faɗa ɓangare ɗaya kawai. Ni a gwajina na farko na bar bayanan mutum ɗaya a ɓangarorin biyu, sakamako ya yi kyau har na fara murna, ashe mutanen ta haddace.

Tambaya ta 9 a PHQ-9 kan tunanin cutar da kai ce. Duk wanda makinsa a nan ya wuce 0, kar ka jira ƙarshen bincike, haɗa shi da likita a Asibitin Koyarwa na Tarayya, Katsina, a ranar.