Kurakuran da Ke Kashe Addu'ar Kullum

Duk shekara haka ake yi. A gama taron farkawa, ko a shiga sabuwar shekara a coci da tsakar dare, sai matasa su fito da alkawari: daga yau ƙarfe huɗu na asuba za su tashi, awa biyu a durƙushe. Kafin Fabrairu ya kama, ka tambayi mutum ina labarin addu'a, sai ya sosa ƙeya ya ce, "Baba, sai a hankali." Na gaji da jan kowa gefe bayan sujada ina maimaita magana ɗaya, shi ya sa na ce bari in rubuta.

Na farko ke nan, ɗaukar kayan da ya fi ƙarfinka. Wanda bai saba da minti biyar ba ya ɗora wa kansa awa biyu. Kwana uku zafin taro na ɗauke da shi, na huɗu ya makara, na biyar ya ce ai alkawari ya riga ya karye. Addu'ar da Yesu ya koya wa almajiransa a Matiyu 6, wato Addu'ar Ubangiji, in ka faɗe ta a natse, ba ta wuce minti ɗaya ba, kuma a surar nan ya hana mu yawan surutu irin na masu zaton tsawon magana ne zai sa a ji su. Ni abin da nake ba sabon mai bi shi ne minti goma, lokaci ɗaya, wuri ɗaya, kada ya ƙara komai sai ya yi wata uku a haka. Wasu dattawa sun ce na rage da yawa. Su ƙara wa nasu.

Na biyu shi ne wanda ya fi ci mini rai: jiran sai zuciya ta yi zafi. "Yau ban ji Ruhu ba." Wa ya ce maka Ruhu Mai Tsarki tsikar jiki ne? Na yi shekaru a wannan halin, in waƙa ta taɓa ni a coci sai in yi addu'a har da hawaye, in mako ya zo a bushe sai in yi shiru, ina cewa ba na son munafunci. Da mahaifina ya kwanta ciwon ajali, na fita barandar asibiti da dare zan yi addu'a, wallahi bakina ya ƙi buɗuwa. Na tsaya ina kallon masu jinya kwance a tabarmi, ban san ta inda zan fara ba, don ban taɓa koyon yin magana da Allah a ranar da ba na jin daɗi ba.

Ku duba Daniyel 6:10. Da aka sa hannu a dokar hana roƙon kowa sai sarki, wanda ya karya a jefa shi ramin zakuna, ya hau ɗakinsa na bene mai tagogi a buɗe wajen Urushalima, ya durƙusa sau uku a rana, kamar yadda ya saba. Ba ranar da aka ambaci ramin zakuna ya fara ba. Mu da muke zaune da Musulmi ma ba mu da hujja. Maƙwabcina, a tsakiyar hunturu, sanyi na yanka, ina jin ƙarar butarsa a tsakar gida kafin gari ya waye. Ban taɓa ji ya ce yau ba ya jin yin salla ba. Lokaci ya yi, ya tashi. Ni kam kiran sallar asuba na mayar agogona. Da ladan ya ɗaga murya sai in sauko daga gado, in buɗe Zabura ɗaya in karanta a bayyane, daga nan magana ta zo. Zabura 150 ce, ɗaya a rana za ta kai ka kusan wata biyar. Ran da bakinka ya bushe, ari bakin Dawuda.

Na uku, kuma a nan zan yi faɗa: miƙa wa wani addu'arka. "Fasto, a sa mu a addu'a." To, a sa ku. Yakubu 5:14 ma ya ce marar lafiya ya kira dattawan ikilisiya su yi masa addu'a. Amma kai fa? Akwai 'yar'uwar da za ta hau mota ta yi tafiyar yini guda wurin wani "mutumin Allah", ta sayo kwalbar mai da ruwan roba da kuɗin makarantar yara, amma a ɗakinta gwiwarta ba ta taɓa ƙasa. Haba, 'yan'uwa! Matsakanci ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, 1 Timoti 2:5 ta faɗi sunansa, Yesu Almasihu, kuma ba ya karɓar kuɗin shiga. Fasto mutum ne, yana da iyali da nasa matsaloli, sunaye nawa kuke so ya riƙe a kai? Duk wanda ya zo mini da wannan roƙon yanzu, sai in kama hannunsa a nan inda muke tsaye in ce, "Fara, ni zan rufe." Wasu sun daina zuwa.

Sai masu ajiye addu'a don an daɗe ba amsa. Luka 18 ta buɗe da cewa Yesu ya ba da misalin gwauruwa da alƙalin da ba ya tsoron Allah musamman don mu riƙa addu'a kullum, kada mu karaya. Amma kada a yaudare ku cewa naci na nufin dole a ba ka abin da ka nema. Bulus ya roƙi Ubangiji sau uku a cire masa ƙayar da ke jikinsa, aka ce masa alheri ya ishe shi, ƙaya kuwa tana nan. Ina da ƙaramin littafin rubutu irin na 'yan firamare, ina sa roƙo da kwanan wata. Wasu shafuka na ja musu layi da godiya, wasu har yau a buɗe suke, ina bi ta kansu kowace Asabar.

Saura ƙanana. Waya: in ka ce bari ka duba WhatsApp tukuna, minti gomanka ya tafi, don haka tawa a falo take kwana. Rubuta "Amin" ƙarƙashin hoto a Facebook ba addu'a ba ce. Addu'a a kwance cikin bargo barci ne da sunan ibada. Bitrus da Yakubu da Yohanna ma barci ya kwashe su a Getsamani, inda Yesu ya yi addu'a daren da aka kama shi, bare kai. Ihu da ƙarfe biyun dare a gidan haya, jaririn maƙwabta na kuka, ba ya ƙara wa roƙo ƙarfi. Masu kiran wuta a kan maƙiya daga farko har ƙarshe su koma Matiyu 5:44, inda Yesu ya ce a ƙaunaci maƙiya, a yi wa masu tsananta mana addu'a. In tunanin cefane ko bashi ya kutso, rubuta shi a takarda ka ci gaba. Mai goyo kuma kada ta kwaikwayi lokacina. In yaro ya yi barcin hantsi, nata lokacin ke nan.

Ran da ka makara, kuma za ka makara, kada ka ce gobe za ka ninka don biyan bashi, ninkin ne yake sa mutum ya gudu gaba ɗaya. In rana ta riga ta fito, yi Addu'ar Ubangiji a hanyarka ta zuwa gona ko kasuwa, gobe ka koma minti gomanka a wurin da ka saba.