Yadda ake buɗe tsohuwar Barolo

Barolo jar giyar inabi ce ta yankin Piemonte a Italiya, da inabin Nebbiolo ake yinta, kuma sai tayi aƙalla wata 38 kafin a fito da ita kasuwa.

Da farko ka tsayar da kwalbar kwana ɗaya ko biyu, lakar ciki ta kwanta a gindi. Kar ka sa ta a firij, digiri 16 zuwa 18 ya isa.

Sai ka zare murfin a hankali dan tsoho ne yana iya farfashewa, sannan ka kunna kyandir ƙarƙashin wuyan kwalbar kana juyewa cikin tulun gilashi, da ka hango laka ta iso wuya ka tsaya.

A zuba kaɗan a kofi mai faɗin ciki. Mutanen can da naman sa suke haɗata.