Darasi na Tara: Auna Ƙarfin Tsamin Ruwan Khal

Duk wadda ta taɓa jefa kanwa a miyar da tsami ya yi wa yawa ta san kanwa na kashe tsami. A kan wannan aikinmu na yau ya ginu. Ruwan khal, wanda wasu ke kira binega, tsaminsa na zuwa ne daga asetik asid, kuma akan rubuta kashi 5 cikin 100 a jikin kwalba. Mu dai sai mun auna.

Kanwa ba ta da tsayayyen ƙarfi, don haka soda za mu ɗauka, irin ta masu haɗa sabulu. A narkar da giram 4 a ruwa, a cika shi ya kai lita 1. Soda na cin fata, balle ido. Ku sa safar hannu da tabarau, in ta fallatsar muku ku wanke da ruwa mai yawa nan take.

Ku ɗebi mililita 10 na khal, ku ƙara ruwa ya kai 100. Daga ciki ku auni mililita 25 a kwalbar gwaji, ku ɗiga ɗigo biyu na finolfitalin, wato sinadarin da ke komawa launin hoda idan soda ta gama kashe tsamin. Ba za ku ga launi ba tukuna.

Ruwan soda kuma a buret ake zuba shi, wato dogon bututun gilashi mai lambobi da ɗan famfo a ƙasa. Ku rubuta lambar da ruwan ya tsaya. Sai ku buɗe famfon, hannu ɗaya na kansa, ɗayan na jujjuya kwalbar. Can za ku ga launin hoda na bayyana yana ɓacewa. To, a nan masu gaggawa ke ɓata aiki. Ku koma ɗigo-ɗigo, har launin ya tsaya shara-shara na rabin minti. In ya yi jawur, kun zarce, sai a sake. Farar takarda a ƙarƙashin kwalbar tana taimakon ido sosai. Ku maimaita sau uku.

Lissafin ba wuya. Kowane mililita na wannan ruwan soda yana kashe giram 0.006 na asid. Bambancin lambar farko da ta ƙarshe a buret shi ne yawan sodar da ta shiga; in kun sami mililita 21, giram 0.126 ke nan. Khal ɗin da ke cikin kwalbar mililita 2.5 ne kacal, saura ruwa ne, don haka ku ninka sau 40: kusan giram 5 a mililita 100.

Aikin gida: wata ta sami mililita 17. Kashi nawa ne khal ɗinta?