Advocate ba kullum lauya ba ne: kurakuran da masu fassara suka fi yi

Kwanakin baya ina sauraren labaran rana a wani gidan rediyo, sai na ji mai karantawa ya ce wata "lauyar mata" ta yi kira ga gwamnati ta gyara ɗakunan haihuwa. Matar kuwa ungozoma ce, ba ta taɓa sa baƙar riga ta tsaya gaban alƙali ba. Abin da ya faru shi ne mai fassara ya ga advocate a takardar Turanci, hannunsa ya zarce ya rubuta lauya.

Wannan shi ne kuskuren da ya fi yawa, kuma maganinsa yana cikin asalin kalmar. Daga Latin ta fito, advocatus, wato ad mai nufin "zuwa" da vocare mai nufin "kira". A tsohuwar Roma, advocatus shi ne wanda kake kira ya zo ya tsaya maka idan an kai ka ƙara. Kalmar ta bi ta tsohon Faransanci a matsayin avocat, ta shiga Turanci a ƙarni na 14, daga baya masu rubutu suka mayar mata da harafin d don ta yi kama da uwarta. Ka ga ke nan tushenta kira ne da tsayawa wani. Kotu ɗaya ce kawai daga wuraren da ake tsayawar.

Don haka kafin ka rubuta, tambayi kanka: ina mutumin nan yake tsaye, kuma wa yake tsaya wa? Idan gaban alƙali ne, lauya ne. Idan kuwa yana yawo gidajen rediyo da fadar hakimai yana neman a sa yara mata a makaranta, to mai fafutuka ne, ko mai rajin ilimin 'ya'ya mata. Idan ra'ayi kawai yake goyon baya, ka ce mai goyon bayan kaza, ko mai kira da a yi kaza. Ni dai na fi son "mai raji", domin tana ɗauke da naci.

Akwai kuma masu juya kuskuren. Sun ji an ce ba lauya ba ne, sai su guji kalmar ko'ina. A Sikotland da Indiya da Afirka ta Kudu, advocate sunan sana'a ne na lauyoyi. Indiya ma tana da dokar 1961 mai wannan suna. A nan Najeriya kuma muna da SAN, Senior Advocate of Nigeria, muƙamin da aka fara bayarwa a 1975, inda Cif Rotimi Williams da Dakta Nabo Graham-Douglas suka fara samu, sannan Folake Solanke ta zama mace ta farko a 1981. "Babban lauya" ya wadatar a nan. Kada dai a ce babban alƙali, don na sha jin hakan. SAN ba ya yanke hukunci, kare wanda ya ɗauke shi yake yi.

Devil's advocate kuwa, Allah Ya kiyaye ka da "lauyan shaiɗan" a tsakiyar labari, sai ka tayar wa mai sauraro hankali a banza. Asalinsa laƙabin wani jami'i ne a cocin Katolika, wanda Fafaroma Sixtus na Biyar ya kafa ofishinsa a 1587. A da, aikinsa shi ne ya tono aibin duk wanda ake shirin sanyawa cikin waliyyai. Yau ana nufin mutumin da ke musu da gangan don a gwada ƙarfin hujja, ba don ya yarda da abin da yake faɗa ba. Faɗe shi haka, ko da jimlar ta yi tsawo.

Furucin advocate ma na ba da matsala: idan a matsayin suna take, ƙarshenta gajere ne, "adbokat", idan aikatau ce, a ja shi, "adboket".

'Yan'uwanmu na Nijar da ke fassara daga Faransanci su ma suna da nasu tarkon. Avocat lauya ne, amma kuma fiya ce, wadda sunanta ya samo asali daga yaren Aztek na Meziko, ba daga Latin ba. Wanda ya ce ya saya uku a kasuwar Yamai, ba lauyoyi ya kwaso ba.