Kurakuran da ke jawo zubar jini a tiyatar cire ƙarin mahaifa ta ƙananan huda

Kuskure na farko tun kafin a shiga ɗakin tiyata ake yin sa. Mace mai ƙari a mahaifa galibi ta daɗe tana zubar da jini mai yawa a lokacin al'ada, don haka jininta ya riga ya yi ƙasa. A auna shi da wuri, a ba ta maganin ƙarin jini. Alluran GnRH (masu rage sinadaran hormon na mace) na wata 3 suna tsayar da al'ada su kuma rage girman ƙarin, sai dai sukan sa iyakarsa ta yi wuyar ganewa a lokacin aiki. Ba kowace mace ce ya kamata a yi wa ba.

Sai sakaci da vasopressin, maganin da ake yin allurarsa a jikin mahaifa lokacin aiki. Maganin yana tsuke jijiyoyin jini sosai, amma dole a tsinka shi da ruwan gishiri na asibiti, a ja sirinji baya kafin a tura don a tabbatar allurar ba ta shiga jijiyar jini ba, a kuma sanar da likitan sa barci. In ya shiga jijiya kai tsaye, bugun zuciya na iya raguwa ƙwarai, har ta tsaya. Ƙarfinsa kuma ba ya daɗewa, saboda haka ba a yin allurar sai an shirya yanka. Tranexamic acid (maganin rage zubar jini) gram 1 ta jijiya da misoprostol (maganin tsuke mahaifa) kafin aiki su ma suna taimakawa, kuma sau da yawa mantawa kawai ake yi da su.

Inda jini ya fi tafiya, a ganina, shi ne ɓatan hanya. Ƙarin yana da wata 'yar riga da ta kewaye shi. Wanda ya yanka har ya iso jikin ƙarin, ya ɓare shi daga cikin rigar, jini kaɗan zai gani. Wanda ya tsaya sama-sama yana yagar naman mahaifa, shi ne zai koma ƙona ko'ina da na'urar lantarki don tsayar da jini. Yawan ƙunar nan yana raunana tabon, kuma mahaifa na iya fashewa idan ciki ya zo daga baya. Ɗinki ne ke tsayar da jinin ramin da cire ƙarin ya bari: a rufe shi da sauri, hawa-hawa, kada a bar gurbi a ciki. Zare mai ƙaya yana rage lokaci tunda ba a ƙulla shi.

Idan ƙarin ya yi yawa ko jini ya ƙi tsayawa, a bar ƙananan huda a buɗe cikin mai jinyar da wuri, tun kafin matsin jininta ya faɗi.